Bargery na 1943: yadda ake kafa madogara da tsara manazarta a kundin bincike

Ranar da na zo kare kundin digirina na biyu, baƙon malamin da aka gayyato daga wata jami'a bai fara da babi na ɗaya ba. Juya kundin ya yi ya buɗe daga baya, wajen manazarta, ya sa yatsa yana bi layi-layi kamar mai neman sunansa a allon sakamako. Can sai yatsan ya tsaya. Ya sauke tabarau kan hanci ya dube ni ta samansa.

"Malam, wannan Bargery na 1943 a ina ka samo shi? Ni dai na 1934 na sani. Ko an yi wani ban ji labari ba?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kuskuren mai buga rubutu ne."

"To madalla. Yaya girman littafin yake? Zai shiga aljihu?"

Nan na yi tsuru-tsuru. Ban taɓa riƙe ƙamus ɗin Hausa da Turanci na Bargery ba. A kundin wani da ya riga ni gamawa na ga ma'anar kalmar da nake nema, na kwashe ta har da shekarar, shi kuma Allah kaɗai ya san inda ya kwaso. Ƙamus ne mai shafi fiye da dubu, ɗaukarsa da hannu ɗaya sai an shirya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An bar ni na wuce, amma da sharaɗin in koma in nemo kowane littafi da na ambata in gan shi da idona. Wata biyu aikin ya ci mini. Yanzu da ni ma nake duba kundayen ɗalibai, daga baya nake fara buɗewa.

Kalmomi biyu zan riƙa amfani da su. Madogara ita ce 'yar alamar da kake sakawa a cikin rubutu don nuna wanda ya faɗi magana, kamar (Newman, 2000). Manazarta kuwa shi ne jerin da ke ƙarshen kundi, inda ake ba da cikakken bayanin kowane aiki. Ɗalibai na ɗaukar abin a matsayin wata wahalar Turawa ta waƙafi da aya. Ni ban gan shi haka ba. Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami ana karatun hadisi ya ji "wane ya ba mu labari, daga wane, daga wane". A gabatarwar Sahihu Muslim an rawaito Abdullahi ɗan Mubarak yana cewa isnadi daga addini yake, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Aikin madogara ke nan: mai karatu ya iya bin sawun maganar har ya kai ga mai ita. Laifina a ranar nan ba juya 34 zuwa 43 ba ne. Jiyau ne ni, na tsaya gaban mutane a matsayin ganau.

Kafin ka rubuta ko da layi ɗaya, je ka tambayi sashenku tsarin da suke bi. Tsare-tsaren suna da yawa, kuma ba wanda ya fi wani tsarki. APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ne, ya faro tun 1929, bugunsa na bakwai ya fito a 2019, kuma shi ne mai sa sunan marubuci da shekara a cikin baka biyu, kamar (Newman, 2000). MLA na masu adabi da harsuna ne, suna da lambar shafi kawai yake sakawa. Chicago, wanda masu tarihi ke so, ya fi karkata ga bayanin ƙasan shafi. Likitoci lambobi suke jerawa, tsarin da ake kira Vancouver saboda taron editocin mujallun likitanci da aka yi a wannan birni na Kanada a 1978. Masu karatun lauya a Nijeriya suna da nasu na ƙungiyar malaman shari'a. A sassan da na yi hulɗa da su APA ne ya fi yawa, don haka da shi zan riƙa misali. Amma ka sani kusan kowane sashe ya yi masa 'yar kwaskwarima. Nemi littafin jagoran rubuta kundi na makarantarku, ka haɗa da kundi ɗaya da aka amince da shi bara. In suka saɓa da abin da na faɗa a nan, su za ka bi, don ba ni zan sa maka hannu ba.

Tun ran gini, ran zane

Mafi yawan ɓarnar manazarta ba a ranar buga kundi ake yin ta ba. A laburare ake yin ta, watanni kafin nan, lokacin da ɗalibi ya ga sakin layi mai daɗi ya ɗauki hotonsa da waya ya rufe littafin ya tafi. Bayan wata biyar sai ga hoton shafi na 87 a wayarsa, ba bango, ba suna, ba shekara. Haka masu fotokofi: don a rage kuɗin shafi biyu sai a tsallake bango da bayansa, a fito da takardu marayu.

Ga abin da nake yi, kuma nake sa ɗalibaina. Duk littafin da ya shigo hannunka, kafin ka karanta komai, ɗauki hoto uku: bango, shafin take na ciki, da bayan shafin take, inda ake rubuta shekara da maɗaba'a da bugu na nawa ne. Sai bayan nan shafukan da kake so. In mujalla ce, tabbatar lambar kundinta da lambar fitowa da shafin farko da na ƙarshe na maƙalar sun fito. In babi ne a littafin da mutane da yawa suka haɗu suka rubuta, kana buƙatar sunan mai babin da sunan editan duka biyu. Wannan shi ne wanda aka fi mantawa.

Sannan ka sayi littafin rubutu mai ganye sittin, ka ware shi don wannan aiki kaɗai. Kowane aiki da shafinsa, cikakken bayaninsa a sama. A ƙasa kuma ka bambanta abu uku da alama. Kalmomin marubuci da ka kwafa daidai, sa musu alamar zance da lambar shafi. Abin da ka taƙaita da bakinka, sa lambar shafi ba alamar zance. Tunanin da ya zo maka kai kanka kana cikin karatu, ni da jan biro nake rubuta shi. Yawancin waɗanda na kama da satar fasaha ba ɓarayi ba ne da gangan. Sun kwafi jimla cikin littafinsu a watan Sha'aban, suka dawo bayan Babbar Salla suka ga ta yi daɗi, suka ɗauka tasu ce.

A cikin rubutu

In ka ɗauko kalmomin mutum yadda suke, sa su cikin alamar zance, ka biyo da suna da shekara da shafi. APA na rubuta shi (Newman, 2000, sh. 45), sassa da yawa kuma sun fi son (Newman, 2000: 45). In sunan ya riga ya shigo cikin jimlarka, kamar "Newman (2000) ya nuna cewa…", ba sai ka maimaita shi a baka ba. Maganar da ta kai kalma 40 ba a sa mata alamar zance; ware ta ake yi a sakin layinta, a tura ta ciki kaɗan daga hagu. Kada ka yawaita irin wannan. Na ga babi na biyu da ya zama kamar rigar mabaraci, ƙyalle kan ƙyalle, wane ya ce, wane ya ce, har babin ya ƙare ba a ji abin da mai kundin ya ce ba. Ka ɗauko kalmomin mutum ne kawai in yadda ya faɗa ɗin shi ne abin dubawa, kamar ma'anar da ya ba wata kalma ko baitin da za ka feɗe.

In da bakinka ka faɗi ra'ayinsa, alamar zance ta faɗi, amma madogara tana nan daram. Sauya "saboda" zuwa "domin" da "yawancin" zuwa "akasarin" ba shi ne faɗa da bakinka ba. Karanta sakin layin, kife littafin, ka yi wa abokin ɗakinka bayanin abin da ka fahimta, sannan ka rubuta abin da ka gaya masa. Daga baya ka buɗe ka gwada ko ka yi wa mutumin ƙarya.

Akwai rami na musamman ga mu masu rubutu da Hausa, wato fassara. Ɗalibi zai sami shafi guda da Turanci ko Larabci ko Faransanci, ya juya shi zuwa Hausa, ya ga ai guminsa ne, ya manna ba suna. Gumin fassara naka ne, tunanin na mai shi ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manhajar Turnitin da ake tsorata ku da ita kamannin kalmomi take farauta, don haka mai yiwuwa fassararka ta wuce ta. Ba za ta wuce malamin da ya shekara ashirin yana koyar da littafin ba. Al'adar da ta fi kyau ita ce ka kawo maganar da harshenta na asali, ka biyo da Hausarta a ƙasa, ka rubuta "fassarar mai bincike", madogara kuma ta nuna asalin.

Ba kowace jimla ke neman madogara ba. Cewa Kano birnin kasuwanci ne, ko Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, ba sai ka jingina wa kowa ba. Karin magana ma dukiyar kowa ce. Amma in daga tarin wani ka tsinto ta, ko sharhinsa a kanta ka ɗauka, ka ambace shi. Alƙaluma kuwa, ko da ɗaya ne, ba sa tafiya ba uba.

Marubuta biyu, a ambace su duka kowane lokaci. Daga uku zuwa sama, bugu na bakwai ya ce sunan farko kawai sai "da wasu", tun daga ambaton farko. In mutum ɗaya ya fitar da ayyuka biyu a shekara ɗaya, a bambanta su da harafi, 2005a da 2005b, a cikin rubutu da manazarta duka.

Sai kuma maganina, wato abin da ya kamata in yi da Bargery. In ka ga maganar wani a littafin wani, kuma ka yi iya ƙoƙarinka ba ka sami na asali ba, faɗi gaskiya: (Bargery, 1934, kamar yadda ya zo a cikin wane, shekara kaza). A manazarta kuma wanda ka riƙe da hannunka shi kaɗai zai shiga. Ba abin kunya ba ne. Amma in littafin yana laburarenku, hawa bene ɗaya ne tsakaninku, to kasala ce, kuma mai dubawa zai gane.

Manazarta

Kowane layi na manazarta tambaya huɗu yake amsawa a jere: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, a ina za a same shi. In ka riƙe wannan, waƙafi da aya za su zo da sauƙi. Littafi haka yake fitowa:

Newman, P. (2000). The Hausa language: An encyclopedic reference grammar. Yale University Press.

Sunan littafin a karkace ake buga shi, layi na biyu kuma a tura shi ciki. A da ana sa sunan gari kafin maɗaba'a, bugu na bakwai ya cire. Wannan hukunci ya dace da manyan kamfanonin da kowa ya san inda suke. Ni a ganina bai dace da mu ba, don ƙaramar maɗaba'ar da ke wani lungu a Zariya ko Sakkwato ko Damagaram, in ka cire garin ka ɓatar da mai nema. Sassa da yawa sun bar garin, kuma sun kyauta. Nan ma dai sashenku ne alƙali.

Ga maƙalar mujalla, sunan maƙalar a miƙe yake, sunan mujallar da lambar kundinta su ne a karkace, sai lambar fitowa a baka, sai shafuka daga na farko zuwa na ƙarshe. Ga babi a littafin haɗaka, mai babin ne a gaba, sannan "A cikin" da sunan edita da sunan littafin da shafukan babin. Kundin da ba a buga ba, a faɗi na wane digiri ne da sashe da jami'a. Takardar taron ƙara wa juna sani, a faɗi sunan taron da wuri da kwanan wata. Jarida kuma rana da wata da shekara da shafi. Wanda ya rubuta "Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939" kawai ya tura mai karatu laluben shekara guda.

Bugu ma abin lura ne. Ƙamus ɗin da ya kunyata ni an sake buga shi a Zariya a 1993 da ƙarin kalmomi na Neil Skinner. In wannan ka riƙe, shi za ka rubuta, ka nuna shekarar asali tare da shi, 1934/1993. Littattafan adabin kasuwar Kano da ƙananan littattafan addini da yawa ba su da shekara kwata-kwata. Kada ka ƙirƙira musu. Rubuta "babu shekara". In akwai kwanan wata a ƙarshen gabatarwa ko godiya, kana iya nuna haka a ƙasan shafi.

Inda littattafan jagora na Turawa ba sa taimakonmu shi ne sunaye. Su sunan dangi suke sa wa gaba, mu kuma sau da yawa na ƙarshen sunan uba ne, ko na kaka, ko na gari. Abin da aka saba shi ne a ɗauki na ƙarshe yadda yake a bangon littafi: Abubakar Imam ya zama Imam, A., Sa'idu Muhammad Gusau ya zama Gusau, S. M. Alhaji da Malam da Farfesa da Dakta da Shaihi duk ba sa shiga, komai girman mutum a idonka. Tun da masu sunan gari ɗaya suna da yawa, in Gusau biyu ko Bunza biyu suka haɗu a kundinka, sa haruffan farko na sunayensu har a cikin rubutu. Ka kuma kula da harafi ɗaya: Ibrahim Yaro Yahaya daban, Abdullahi Bayero Yahya daban. Na sha ganin an haɗe su sun zama mutum ɗaya mai yawan littattafai. Kada ka gyara wa marubuci sunansa. In Mohammed ya rubuta, bar shi Mohammed. Shehu Usmanu kuwa za ka gan shi Fodiyo a wani bugu, Ɗanfodiyo a wani, Ibn Fudi a na Larabci. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai daga farkon kundi har ƙarshe. Haka "al-" na sunayen Larabawa: ko dai duka su jeru a ƙarƙashin A, ko a tsallake ta a bi harafin da ke biye, ban da rabi da rabi.

Abin da ba littafi ba

Mai binciken al'ada ko tarihi ko waƙa, rabin kayansa a bakin mutane yake. APA na ɗaukar hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a matsayin abin ambato a cikin rubutu kawai, ba ta shiga manazarta. A wurinmu wannan bai isa ba, shi ya sa ake buɗe shafi daban na waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a ko sarauta, wurin hira, rana da wata da shekara. Dabarata ita ce da na kunna rikoda, kafin gaisuwa ta yi nisa, sai in faɗi ranar da garin da sunan mai gidan da bakina. Ko fayil ɗin ya sauya suna sau goma, shaidar na ciki. Ka nemi izini kafin ka sa sunan mutum. Na taɓa hira da wata tsohuwar ungozoma, ta ba ni abin da ban samu a ko wane littafi ba, da za mu rabu ta ce, "Ɗan nan, ka rubuta maganar, amma ban da sunana, jikokina na karatu a birni." A irin wannan sai ka ce "wata ungozoma mai kimanin shekara saba'in", ka ba da yanki da rana, ka gaya wa mai duba ka dalili.

Waƙar baka tana da nata tarko. Makaɗi ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Ta gidan rediyo daban, ta gidan biki daban, ɗiya na ƙaruwa suna raguwa. Don haka ka faɗi wacce ka saurara da inda ka samo ta: kaset ne, taskar gidan rediyo ce, ko wani mai tara waƙoƙi ne ya tura maka a waya. Ranar da aka ɗora waƙa a YouTube ba ita ce ranar da aka yi ta ba. Na ga ɗalibin da ya rubuta "Shata (2021)" da zuciya ɗaya, alhali Mamman Shata ya rasu tun 1999.

Takardun taskar tarihi da lambar fayil ake gane su. A taskar ƙasa ta Kaduna za ka ga irin su KANPROF da SOKPROF da ZARPROF na tsoffin larduna, da SNP na ofishin sakataren lardunan Arewa. Kwafi lambar gaba ɗaya daga bangon fayil ɗin, da takensa da shekararsa, tun kana zaune a ɗakin karatu. Rubutun hannu na Ajami ko Larabci, a faɗi inda yake ajiye, ko Gidan Arewa ne a Kaduna, ko hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko akwatin wani gida a gari kaza, da sunan wanda ya kwafa in ya rubuta a ƙarshe.

Alƙur'ani da sura da aya ake ambatonsa, ba da shafi ba. Sai dai ka lura ƙirgar ayoyi ta bambanta: Baƙara aya 286 ce a mus'hafin Hafsu, 285 a na Warshu da aka saba da shi a makarantun allo. Faɗi wanda ka bi sau ɗaya a farkon kundi. In tarjama ka ɗauko, kamar ta Shaihi Abubakar Mahmud Gumi, ambaci mai tarjamar, don kalmomin Hausar nasa ne. Hadisi kuma lambarsa na iya sauyawa daga bugu zuwa bugu, saboda haka haɗa da sunan kitabi da babi. "Bukhari ya rawaito" kawai ya isa a wa'azi, bai isa a kundi ba. Littattafan Larabci da ke ɗauke da shekarar Hijira kaɗai, rubuta ta ka sa mata alama. Kada ka yi saurin juya ta, domin shekarar Hijira ɗaya kan hau biyu na Miladiyya: 1420 ta fara a 1999 ta ƙare a 2000.

Intanet

Maƙalun mujallu da yawa suna da lambar dindindin da ake kira DOI, kullum da 10 da ɗigo take farawa. In akwai ta, ita za ka sa a ƙarshe, don adireshin shafi na mutuwa, ita ba ta cika mutuwa ba. Shafin intanet ma tambayoyi huɗun nan yake amsawa, "www.google.com" ba madogara ba ce, kamar ka ce a kasuwa ka ji ne. Wikipedia wurin fara tambaya ce: gangara ƙasan shafin ka bi ayyukan da aka jera, su za ka nema ka karanta. Fayil ɗin da ya zo ta WhatsApp ba bango, kwafi jimla ɗaya daga ciki ka nema a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen ilimi, sau da yawa asalinsa zai fito. A nan Google Scholar ɗin akwai 'yar alamar zance ƙarƙashin kowane sakamako da ke ba ka layin manazarta a shirye. Karɓa, amma gwada shi da ainihin takardar, don yakan juya sunan Bahaushe ya sa na farko a matsayin na ƙarshe.

Manhajojin hira irin su ChatGPT kuwa, kada ka karɓi manazarta daga gare su ba bincike. Suna iya haɗa maka sunan farfesa na gaske da mujalla ta gaske da maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, har da lambar shafi. A watan Yunin 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙaga musu. Nawa Bargery aƙalla akwai shi a duniya.

In kana da kwamfuta, sauke Zotero. Kyauta ce, jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar da ita a 2006, tana shiga cikin Word ta jera maka manazarta ta sauya tsari da dannawa ɗaya. Amma abin da ka zuba mata shi za ta dafa. Kuma ba ta san abajadinmu ba, inda Ɗ ke bin D, Ƙ ke bin K. Abin ya fi muni in mai buga maka rubutu yana amfani da tsoffin haruffan da ke aron x da q da v a madadin ɗ da ƙ da ɓ: kwamfuta za ta jefa Ɗangambo can ƙasa wajen X, in kuma aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar sai ya fito Xangambo ƙiri-ƙiri. Ka duba jerin da idonka, ka mayar da kundin PDF kafin ka kai shagon bugawa.

Aikin ƙarshe kafin a kai ɗauri na mutum biyu ne da fensir. Buga kundin a takarda. Abokinka ya riƙe manazarta, kai ka bi babi-babi kana kiran kowane suna da shekara da ƙarfi, shi yana sa alama. Wanda ka kira bai samu ba, a nemo shi a saka. Shekarar da ta saɓa, a koma hoton bango. In an gama, duk layin da bai sami alamar fensir ba a soke shi, sai dai in sashenku na karɓar jerin ƙarin karatu daban. Yini ɗaya yake ci. Bara na yi wannan da wani ɗalibina a ofis, muka tashi da kusan shafi biyu na sunayen da ba a kira ba ko sau ɗaya. Na tambaye shi daga ina. Ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, don kundin ya ɗan yi nauyi ne." Na zaɓi ɗaya daga ciki na tambaye shi girman littafin.